Rabon Filin Gida a Gari: Hanya, Magudanar Ruwa da Tazara

Jawabi domin Hakimai da Malamansu



Maganar yau ta shafi wani al'amari wanda da wuya mako ya wuce bai zo ƙofar hakimi ba, watau rabon filin gida. Wani lokaci magada ne ke so kowa ya san nasa bayan rasuwar mahaifinsu. Wani lokaci mai gida ne bukata ta kama shi, ya ga akwai sauran fili a ƙuryar gidansa, ya yi niyyar yankawa ya sayar. Wani lokaci kuwa dillali ne ya sayi fuloti ɗaya ya tsaga shi huɗu domin riba. Ko wanne ne daga cikin ukun nan, ran rabo kowa yakan tashi da fara'a, a yi addu'a, a sa hannu a takarda, a watse. Rigima ba ta tasowa sai damina ta faɗi, ko ran da aka yi rasuwa a gidan ƙurya aka rasa ta inda za a fitar da makara, ko ran da masai na wannan ya ɓata rijiyar wancan. Sa'an nan ne za a komo wurin hakimin da aka yi abin a ƙasarsa, alhali an riga an yi gini, ba mai iya matsar da katanga sai da hasara mai yawa.

Abin da ake so hakimai su riƙe guda ɗaya ne. Kowa ya sani ba a raba dukiyar mamaci sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. To, haka filin gida yake. Akwai hakkoki uku a kansa waɗanda ake fitarwa tun ba a ce wannan na wane ba ne: hanyar da mutane za su bi, da hanyar da ruwa zai bi, da tazarar da za a bari tsakanin gini da gini. Abin da ya saura bayan waɗannan ukun shi ne abin rabo.

Matsayin hakimi bisa doka

Tun shekarar 1910 aka yi dokar da ta ce ƙasar Arewa tana hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, aka kuma sabunta wannan ka'ida cikin dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962. A wancan zamani En'e ce ke lura da filayen talakawa, hakimi da dagaci da mai unguwa su ne hannuwanta. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, a 1978 kuma aka fito da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ita ce ake aiki da ita a duk Nijeriya har yanzu. Bisa ga wannan doka, filayen da ke cikin yankin da aka ayyana birni ne suna ƙarƙashin Gwamnan jiha, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansu.

Wurare biyu cikin dokar ya kamata kowane malamin hakimi ya san su. Sashe na 22 ya hana wanda ke riƙe da fili da izinin Gwamna ya sayar da shi, ko wani yanki nasa, ko ya jinginar, sai da yardar Gwamna. Sashe na 24 kuwa ya ce irin wannan fili ba a tsaga shi kashi biyu ko fiye saboda gado sai da yardar Gwamna. Bayan wannan akwai dokar tsara birane ta 1992, da dokokin jihohi, waɗanda suka ce ba a tayar da gini sai da takardar izini daga hukumar tsara gari. A Kano wannan hukuma ita ce KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, kowace jiha kuma tana da tata.

Saboda haka hatimin hakimi a kan takardar ciniki shaida ce cewa an yi cinikin, amma ba ya zama a madadin izinin hukuma. Duk da haka hakimi yana da abin da ma'aikacin ofis ba shi da shi. Shi ne yakan fara jin labari, tun kafin a kafa turke ko a zuba tubali, ta bakin mai unguwa da dagaci. Ma'aikacin hukuma sau da yawa ba ya zuwa sai gini ya kai linta, ya zo da jan fenti ya sa alamar rushewa. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma a sha'anin fili ran zanen nan a gaban hakimi take faɗuwa.

Abin da malamai suka faɗa

Kada wani ya zaci waɗannan ka'idodi baƙi ne da Turawa suka kawo. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar Hausa, ya hana mutum ya yi abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne. Misalan da ya kawo su ne huda taga wadda za a riƙa hangen cikin gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cuce shi. Game da rabo kuma ya bambanta tsakanin abin da ke rabuwa ba tare da cuta ba, wanda ake rabawa, da abin da ba ya rabuwa sai da cuta, wanda in ɗaya daga cikin masu shi ya nemi a sayar, ake tilasta wa wanda ya ƙi. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci a bar kamu bakwai in mutane suka yi jayayya a kan faɗin hanya. Kamu bakwai ya kai wajen ƙafa 10 da rabi, watau mita 3 da 'yan kai.

Hakimin da ya tsaya a kan waɗannan abubuwa, to, yana da goyon bayan shari'a da na doka gaba ɗaya, ba kuwa wanda zai ce son rai ya sa shi.

Na farko: hanya

Ga misali. Fulotin da aka saba yankawa a garuruwan Arewa ƙafa 50 ne faɗi, ƙafa 100 tsawo, watau ƙafa murabba'i 5,000, kuma gefe ɗaya kaɗai ke fuskantar titi. A ce 'yan'uwa biyu ne suka gaje shi. Abin da yakan fara zuwa zuciyar mutane shi ne a ja igiya a tsakiya, wa ya ɗauki gaba, ƙane ya ɗauki ƙurya, kowa ƙafa 50 sau 50. In aka tambayi ta inda ƙanen zai riƙa fita, sai wan ya ce, “Haba, ai ɗan'uwana ne, ta zaurena zai bi.” Maganar nan gaskiya ce ran da aka faɗe ta. Amma wan zai iya mutuwa, 'ya'yansa su gāji gidan, ko ya sayar wa baƙo wanda ba shi da wani alkawari da kowa. Ran nan gidan ƙurya ya zama kurkuku, mai shi ba ya iya shiga sai da roƙo, ba ya kuma iya sayarwa sai da faɗuwa.

Yadda ya kamata a yi shi ne a fara yanke lungu a gefe ɗaya, faɗin ƙafa 10, tun daga titi har zuwa kan iyakar gidan ƙurya. In an ba gidan gaba tsawon ƙafa 55, zai sami ƙafa 40 sau 55, watau 2,200. Gidan ƙurya zai sami ƙafa 50 sau 45, watau 2,250. Lungun ya ci 550. In aka tara su ukun, 5,000 ke nan cif. Kowane ɗayansu ya rasa abin da bai wuce ƙafa murabba'i 300 ba daga rabin da ya sa rai, amma duk gidajen biyu sun zama gidaje na sosai. Kuma tun da na bakin titi ya fi daraja, ga shi ana iya fitar da shago a jikinsa, sai a sa masana su yi wa kowanne ƙima, wanda ya sami mai tsada ya cika wa ɗan'uwansa da kuɗi.

Mutanen dā sukan auna lungu da jaki mai mangala, in ya wuce bai gogi katanga ba, lungu ya yi. Yanzu abin awon ya ƙaru. Akwai makara da masu ɗaukarta, akwai motar da za ta ɗauki mace mai naƙuda cikin dare, akwai motar yashe masai, akwai motar kashe gobara wadda faɗinta kaɗai ya kai wajen ƙafa 8. Don haka ƙafa 10 ɗin nan mafi ƙanƙanta ke nan, kuma domin gida ɗaya ko biyu. In gidajen da za su bi lungun sun fi haka, ko kuwa gona ce ake yankawa fuloti fuloti irin na awon igiya, to, titi sosai ake bukata, kuma awon da hukumar tsara gari ta faɗa shi za a bi.

Abubuwa uku ke cinye lungu bayan an bar shi, ya kamata mai unguwa ya sa musu ido. Na ɗaya dakali da matakala, na biyu ramin masai da ake fitarwa waje a rufe da siminti, na uku shago ko rumfa. Kowanne da taƙi ɗaya yake farawa. In mutum ɗaya ya ci taƙi ba a yi magana ba, na kusa da shi zai ci biyu, kafin shekara goma lungun da mota ke shiga sai mutum ya karkata kafaɗa.

Na biyu: ruwa

Ruwa iri uku ke fita daga gida: ruwan sama, da ruwan wanka da wanke-wanke, da ƙazantar masai. Kowanne sai an san inda zai tafi kafin a raba fili.

Mutane ba su cika sanin yawan ruwan da ke sauka a kan fuloti ɗaya ba. In aka yi ruwa na inci ɗaya, abin da ya zuba a kan fili mai ƙafa 50 sau 100 ya kai lita 11,800, watau kusan duro 60, a watan Agusta kuwa ana iya yin fiye da haka cikin dare ɗaya. A dā tsakar gida ƙasa ce mai shan ruwa, abin da ya rage ya fita ta rariya ya gangara kududdufi. Tsohon birnin Kano cike yake da irin kududdufan nan, inda aka haƙi ƙasar gini, rarar ruwansu kuma ta bi Jakara ta fice. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, rufi ya koma kwano, tsakar gida ta koma siminti. In aka tsaga fuloti biyu, aka rufe kusan dukansa da ɗakuna, duro sittin ɗin nan ba inda za su nutse, sai su fito gaba ɗaya su nemi gangare.

Don haka kafin a ja igiya sai a duba ina gangaren filin yake. Tsofaffin unguwa sun san ta inda ruwa ke bi, a tambaye su. In gangaren ya nufi titi, sai a yi lambatu a jikin lungun da aka bari, ruwan gidan ƙurya ya bi ta nan ya faɗa babbar kwata. In kuwa gangaren ya nufi ƙurya, to, ruwan gidan gaba ne zai ratsa ta gidan baya, kuma lalle a rubuta wannan a takarda, a nuna inda magudanar za ta bi da wanda zai riƙa yashe ta. Hanyar ruwan da aka tarar tun kaka da kakanni ba a toshe ta don an sake mai gida. Wanda ya sayi fili ya saye shi ne tare da rariyar maƙwabcin da ke zuba a cikinsa, sai fa in an yi wa ruwan wata hanya da yardar kowa. Haka kuma ba a sabunta indararo ko bakin kwano ya riƙa zuba a gidan wani ko a gindin katangarsa, balle katangar ƙasa wadda damina ɗaya ta isa ta kayar da ita.

Inda za a binne bututu, magina sun san ka'idarsa: bututu mai faɗin inci 4 yana bukatar gangaren ƙafa 1 cikin kowace ƙafa 40. A lungun misalin da aka kawo, mai tsawon ƙafa 55, sai bakin bututun na cikin gida ya ɗara na bakin titi tudu da wajen inci 16 ko 17. In gidan ƙurya ya fi kwatar titi kwari, ruwa ba zai hau tudu ba, sai dai a yi ciko kafin gini, ko a nemi wata mafita. Wannan abu ne da ake ganewa da awo cikin sa'a ɗaya kafin rabo, bayan gini kuwa sai a shekara ashirin ana kwasar ruwa da bokiti.

Maganar masai ita ce mafi nauyi, domin rai ke cikinta. In ban da wasu sassan Abuja da 'yan wurare kaɗan, garuruwan Arewa ba su da babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje. Kowane gida da raminsa yake dogara, kuma gidaje da yawa da rijiyarsu suke sha. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30, watau ƙafa 100, tsakanin ramin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita 1 da rabi bisa inda ruwan ƙasa yake kaiwa. To, a duba lissafi. Fuloti cikakke tsawonsa ƙafa 100 ne, da ƙyar yake cika wannan sharaɗi in an sa rijiya a wannan kusurwa, masai a waccan. Da zarar an tsaga shi, gidan ƙurya mai ƙafa 50 sau 45 ko an auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ƙafa 67 ne kawai da 'yan kai. Watau ba yadda za a yi rijiya da masai na rami su zauna lafiya a cikinsa. Ga kuma maƙwabta ta gefe uku, kowa da nasa ramin, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa bai san katanga ba.

A shekarar 2021 cutar amai da gudawa, wadda ake kira kwalara, ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya bisa ƙidayar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Hanyar wannan cuta sananniya ce, ƙazanta ce ke shiga ruwan sha. Saboda haka duk rabon da zai kusantar da masai da rijiya, lalle a kira duba-gari ya gani tukuna. Dabarun da akan yi su ne a haɗa masai na gidajen biyu a gefe ɗaya, nesa da rijiyoyin unguwa, a gina ramin da bulo a shafe shi da siminti yadda ba zai yoyo ba, a sa shi kusa da lungu inda motar yashewa za ta kai, ruwan sha kuma a ɗauko shi daga famfo ko daga rijiya guda mai nisa wadda aka yi tarayya a kanta. Kada kuma a haƙa rami a jikin katangar maƙwabci, domin danshi zai ci gindinta.

Na uku: tazara

Tazara ita ce ratar da ake bari tsakanin gini da kan iyakar fili. Amfaninta huɗu ne. Tana ba iska da haske hanyar shiga ɗaki, abin da ke rage zafin bazara da yaɗuwar cututtuka irin su sanƙarau da tarin fuka a ɗakunan da aka cunkushe. Tana hana gobara tsallakawa daga rufi zuwa rufi. Tana ba mai gida wurin tsayawa ya yi yaɓe ko ya gyara katangarsa ba tare da ya shiga gidan wani ba. Ta bakin titi kuwa ita ce wurin kwata da turakun lantarki da bututun famfo, kuma ita ce ke tsare gida daga rushewa ran da aka zo faɗaɗa hanya.

Awon tazara ya bambanta daga jiha zuwa jiha, da kuma tsakanin tsohon gari da sabuwar unguwa. A sababbin unguwanni abin da aka fi nema shi ne wajen mita 6 ta gaba, mita 3 ta gefe da ta baya. A cikin tsohon gari, inda gidaje ke jingine da juna tun asali, tsakar gida ce ke yin aikin tazara, don haka kada rabo ya cinye ta. Wajibi ne malamin hakimi ya karɓo awon jiharsa a rubuce daga ofishin tsara gari, ya ajiye shi a ofis inda kowa zai gani.

Akwai kuma tazarar da ba ta hannun jiha. Babbar hanyar Gwamnatin Tarayya tana da ƙafa 150, watau mita 45.72, daga tsakiyarta zuwa kowane gefe. Wayar lantarki mai ƙarfin 330kV tana da fili mai faɗin mita 50, rabi ta kowane gefe, mai 132kV mita 30, masu 33kV da 11kV mita 11. Filin da ya faɗa cikin waɗannan ba a lissafa shi cikin rabo, ko da takardar gado ta ambace shi. Magajin da aka ba kasonsa a ƙarƙashin waya ko a bakin rafi inda ambaliya ke kaiwa, a gaskiya ba a ba shi kome ba, kuma sau da yawa mata da marayu ne irin wannan kaso ke faɗa wa, domin su ne ba su zuwa wurin awo.

Filin da ba ya rabuwa

A koma ga fulotin nan mai ƙafa 50 sau 100, a ce magadan maza biyu ne da mace ɗaya. Kashi biyar ke nan, kowane namiji biyu, mace ɗaya. In aka tsaga shi a tsaye don kowa ya sami bakin titi, maza za su sami faɗin ƙafa 20 kowanne, mace ƙafa 10. Fili mai faɗin ƙafa 10, in aka fitar da kaurin katanga biyu, ko ɗaki ɗaya na kirki ba zai ɗauka ba, balle tazara ko masai. In aka tsaga shi a kwance kuma, aka fitar da lungu, kason macen ɗan murabba'i ne wanda ba ya isar gida. Lissafin gado ya fita daidai a takarda, amma an cuce ta.

Irin wannan shi ne filin da malamai suka ce ba ya rabuwa sai da cuta. Mafita uku ce. Ko a yi wa gidan ƙima wasu magada su sayi kason wasu, ko a sayar da shi ɗungum a raba kuɗin, ko a bar shi a haɗe a sa haya a riƙa raba abin da ya shigo. Hukunci a kan wannan na alƙali ne. Aikin hakimi shi ne ya gane irin wannan fili da wuri, ya yi wa magada nasiha, ya tura su kotu, kada ya bari a kafa turaku don kawai a rabu da hayaniyar ranar. Mutane sukan ƙi sayar da gidan ubansu saboda kunya da ƙauna, wannan kuwa abin girmamawa ne. Sai a lallashe su a nuna musu cewa zumuncin da suke so su tsare ya fi saurin lalacewa a kan rariya da lungu.

Aikin malamin hakimi

Yawancin shari'un fili da ke daɗewa a kotu, asalinsu takarda ce da aka rubuta a gajarce: wane ya sayar wa wane rabin gidansa a kan kuɗi kaza, shaidu wane da wane. Bayan shekara talatin shaidun sun rasu, ba wanda ya san inda rabin ya tsaya. Don haka kafin malami ya kai wa hakimi takardar rabo ko ta ciniki, sai ya tabbata waɗannan abubuwa suna ciki:

1. Awon filin duka da na kowane kaso, da ƙafa ko da mita, da sunayen maƙwabta ta gabas da yamma da kudu da arewa.

2. Faɗin lungu da tsawonsa, da bayani a fili cewa na tarayya ne, ba mai ikon gina shi, ko toshe shi, ko sayar da shi, kuma wannan sharaɗi yana bin filin ko hannun wa ya koma.

3. Inda ruwan sama da ruwan wanka na kowane gida za su bi har su kai kwata, da wanda nauyin yashewa ke kansa.

4. Inda rijiya take da inda masai yake a filin da kuma a gidajen da ke kewaye, tare da shaidar duba-gari.

5. Katangar tsakiya, ta wa ce, wa zai gina, wa zai gyara.

6. Zanen filin, ko da na hannu ne, har a sami na safiyo, da alamun siminti a kowace kusurwa. Itace da dutse da tsohuwar taya ba su isa shaidar iyaka ba.

7. Lambar takardar mallaka in akwai, da shaidar cewa an kai maganar ofishin ƙasa da hukumar tsara gari.

Malami kada ya rubuta abin da bai gani ba. Ya tafi filin da kansa tare da mai unguwa, a kira maƙwabta, a kira dukan magada, mata su zo ko su aiko wakilan da suka amince da su, a yi awo a gabansu. Ya karanta musu takardar da Hausa kafin kowa ya sa hannu, kowa ya sami kwafi, ɗaya kuma ya shiga littafin ofishin hakimi da kwanan wata. In aka tarar ɗaya daga cikin hakkokin nan uku bai fita ba, sai malami ya sanar da hakimi, hakimi kuwa ya dakatar da hatiminsa har a gyara. Mai sayarwa zai yi gaggawa, dillali zai yi ƙorafi domin la'adarsa, wataƙila a kawo kuka wurin manya. Jinkirin mako biyu bai kai ɗacin ganin an rushe gidan da talaka ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ba.

Ana roƙon hakimai su tara dagatai da masu unguwanninsu su karanta musu wannan bayani, musamman kafin faɗuwar damina da kuma bayan kaka, lokacin da kuɗi ke shiga hannu ake yawan cinikin filaye. Ana kuma roƙonsu su nemi limamai su riƙa tunatar da jama'a hakkin maƙwabtaka a sha'anin gini.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya sa albarka a gidajen jama'a. Amin.